Kiyashi Mai Ƙaton Kai a Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Halinsa da Maganinsa

Kiyashi iri-iri ne, kuma ba duka ke jin magani ɗaya ba. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne wanda masana ƙwari ke kira Pheidole megacephala: ɗan mitsitsi, launin ƙasa-ƙasa, mai tono rairayi ta tsakanin bulon tsakar gida. In aka duba jerinsa da kyau za a tsinci wasu masu kai kamar an ɗora musu tulu. Ga tambayoyin da masu gida suka fi yi a kansa.

Ta yaya zan gane cewa shi ne a gidana?

Ajiye ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ko ɗigon man gyaɗa a kan kwali kusa da inda suke wucewa, ka dawo bayan minti 20 zuwa 30. Za ka tarar da girma biyu kacal. Akwai ƙanana masu tsawon milimita 2, su ne mafi yawa, sannan akwai manya masu milimita 3 zuwa 4 waɗanda kansu ya kusa rabin jikinsu, mai tsagi ta baya kamar zanen zuciya. Babu matsakaita a tsakaninsu, kuma wannan ita ce alamar da ta fi kowace ƙarfi. Manyan ana ce musu sojoji, amma yawancin aikinsu fasa ƙwayar hatsi ne da yayyanka abincin da ya fi ƙarfin ƙananan. Ba sa fitowa da yawa sai an samu abin da ya isa a kira su, shi ya sa mai duba jeri kawai zai iya cewa bai gan su ba.

Launinsu yana kamawa daga rawaya-rawaya zuwa ja mai duhu. Alama ta biyu ita ce tsibin ƙasa mai laushi a bakin tsagar daɓe, gindin bango, ƙarƙashin dutse ko tukunyar fulawa.

Na ga hanyar ƙasa ta hau jikin bishiya da bango. Ba gara ba ce?

Zai iya zama ko wannensu, domin wannan kiyashi yana rufe hanyarsa da ƙasa da ɓarɓashin ganye kamar yadda gara ke yi. Karya wani sashe da tsinke. Ginin gara a manne yake, da tauri, sai an ɓamɓare shi. Na kiyashi sakwa-sakwa ne, da an taɓa ya zube. Gara fara ce, jikinta a miƙe ba ƙugu. Kiyashi kuwa ƙugunsa a tsuke yake, gashin kansa biyu a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, kuma da gudu zai watse. Kiyashi ba ya cin katako, don haka in rufin ɗaki ko ƙofa na rugurgujewa, a nemi mai maganin gara.

Daga ina ya fito, kuma yaya aka yi ya shigo mini gida?

Ɗan Afirka ne. Masanin ƙwari Fabricius ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1793, daga samfurin da aka samo a tsibirin Morishus. Daga baya jiragen ruwa suka kai shi Hawai, Ostireliya, Filorida ta Amurka da tsibiran Karebiyan, har ya shiga jerin halittu 100 mafiya ɓarna a ƙasashen da ba nasu ba.

Shigarsa gida ma ta hannun mutane ce. Ba ya tafiya mai nisa da ƙafarsa: a Laikipiya ta Kenya an auna gaban mamayarsa yana matsawa kimanin mita 50 a shekara. Abin da ke tsallakar da shi unguwa zuwa unguwa shi ne tukunyar fulawa, dashen mangwaro ko lemo a leda, tifar ƙasar lambu, taki, bulo da katakon da suka daɗe a ajiye. Sarauniya ɗaya da 'yan ma'aikata a cikin ledar dashe sun isa kafa sabon gari.

Ƙwaro ne mai son laima da inuwa. A wuri mai bushewa ba ya iya zama sai inda ake zubar da ruwa kullum: gindin famfo, bayan banɗaki, ƙarƙashin randa, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga, da lambun da ake ba ruwa safe da yamma.

Yana harbi? Wace ɓarna yake yi?

Harbinsa ba ya ratsa fatar mutum, cizonsa kuma bai wuce ɗan tsunguli ba. In abin ya yi zafi kamar wuta har ya tashi, cinnaka ne ko wani irin daban.

Ɓarnarsa ta yawa ce. Yana kwashe rairayin ƙarƙashin intalok har bulo ya lotsa. Yana cika kicin, musamman kan nama, kifi, mai, gyaɗa da abincin kyanwa ko kare, bayan ya bi ta kwata da kwandon shara. Yana shiga soket da akwatin wutar famfon burtsatse, yana gwaguyar robar waya da siririn tiyon ban ruwa. Yana damun amya. A lambu kuwa yana kiwon ƙwarin da ke tsotse tsiro, za mu zo kan wannan.

Na fesa magani sun mutu tuli, bayan kwana uku sun dawo. Maganin jabu ne?

Mai yiwuwa maganin lafiyarsa ƙalau. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Waɗanda ke yawo a fili kaɗan ne daga cikin jama'ar, sauran suna ƙarƙashin ƙasa tare da ƙwai da tsutsa da sarauniyoyi.

A lura da jam'in: sarauniyoyi. Yawancin mutane suna ɗauka gidan tururuwa rami ɗaya ne da sarauniya ɗaya, a kashe ta a huta. Na wannan kiyashi ba haka yake ba. Gari ɗaya yana da sarauniyoyi masu yawa, ramukansa a haɗe suke ta ƙarƙashin ƙasa, kuma 'yan wannan rami ba sa faɗa da 'yan wancan. Ramin gindin famfonka da na bayan katangar maƙwabcinka da na bakin titi duk gari ɗaya ne. Sabon gida kuma ba sai sarauniya ta tashi sama ba: ta kan fita da ƙafa, ma'aikata na biye da ita ɗauke da 'ya'ya, su tare a taku goma gaba. Maganin feshi mai wari yana ƙara ingiza wannan ƙaura. Sai mai gida ya ga sun bar kicin ya yi murna, ashe sun rabu gida uku ne. Ƙwan da aka saka yau kuma cikin makonni biyar zuwa shida na zafi ya zama ma'aikaci, gurbin waɗanda aka kashe ya cike.

To mene ne yake maganinsu?

Abincin tarko: abincin da suke so, an cuɗa shi da guba mai jinkirin kisa. Ma'aikaciya ta ɗauka ta kai rami, su ciyar da juna baki da baki, ya kai ga tsutsa da sarauniya kafin mai ɗaukowar ta mutu. Jinkirin shi ne sirrin. Gubar da ke kashewa nan take ba ta isa inda ake so ta je.

Da yake wannan kiyashi ya fi son maiƙo da nama a kan zaƙi, wanda ya fi ci a kansa shi ne tsakin masara da aka jiƙa da man waken suya. A shagon maganin gona ko na dabbobi, kada a tsaya kan sunan kamfani. A juya bayan kwalin a karanta sinadarin da ke ciki. Wanda aka fi gwadawa a kan wannan kiyashi shi ne hydramethylnon, wanda ke cikin Amdro da makamantansa. Akwai kuma masu fipronil ko indoxacarb. Wani rukunin, masu methoprene ko pyriproxyfen, ba ya kashe manya, sai dai ya hana tsutsa girma ya kuma lalata ƙwan sarauniya. Wannan yana ɗaukar wata ɗaya zuwa biyu kafin a ga canji, don haka mai gaggawa kada ya ce bai yi ba.

Nawa ake zubawa, kuma yaushe?

Abin da ke jikin kwali shi ne hukunci. Amma don a san girman abin: a aikin da aka yi a gandun dajin Kakadu na arewacin Ostireliya an watsa kilo 2.5 a kowace hekta. Wato giram 25 a murabba'in mita 100. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana da murabba'in mita kusan 460, don haka ko da ba gini a kansa bai wuce giram 115 ba. In gini ya cinye rabi, giram 60 ya wadatar. A kowane taku ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta ne. Mutane da yawa suna raina wannan adadi su juye rabin kwali a bakin rami ɗaya, asarar kuɗi ce kawai.

A watsa shi ko'ina, yadda ake yafa irin alayyafo: gindin katanga ciki da waje, gefen kwata, ƙarƙashin bishiyoyi, tsakanin bulo, bayan banɗaki. Tunda ramukan ba sa ƙirguwa, so ake kowace ma'aikaciya ta ci karo da ƙwaya kusa da ƙofarta.

Lokacin da ya dace shi ne bayan la'asar, in rana ta yi sanyi. Dalili biyu ne: da tsakar rana ba sa fita, kuma hasken rana yana lalata hydramethylnon cikin sauri. Ƙasa ta zama busasshiya. Kada a ba lambu ruwa ko a wanke tsakar gida ranar da washegari, in kuma hadari ya haɗu a ɗaga zuwa wata ranar, domin tsakin da ya jiƙe ba sa ɗauka. A sa safar hannu, ko a yi amfani da busasshen gwangwani mai huda a murfi wanda bai taɓa ɗaukar wani magani ba.

A cikin ɗaki ba a watsawa. A zuba rabin cokalin shayi a murfin kwalba, a tura bayan firji, ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko kusa da tsagar da suke fitowa.

Daren farko za a ga sun ƙaru, suna jigila ba ji ba gani. A ƙyale su, aikin suke yi maka. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su ragu sosai. Bayan makonni huɗu zuwa shida a sake gwajin ƙuli-ƙuli, kwalin ɓarɓashi ɗaya a kowane taku biyar, a ƙara magani inda suka taru.

Na zuba amma ko kallonsa ba su yi ba. Me ya faru?

Abu na farko da za a zarga shi ne tsufa. Man da ke jikin tsakin yana yin ɗoyi bayan an buɗe kwali, musamman a zafi irin namu, kuma kiyashi ba ya cin mai da ya lalace. A sayi ƙaramin kwali, a rufe shi ruf, a ajiye a inuwa, a ƙarar da shi cikin 'yan watanni. Kafin a watsa, a gwada ƙwayoyi kaɗan a kan hanyarsu: in cikin rabin awa ba su fara ɗauka ba, ba shi da amfani.

Na biyu, feshi. In an fesa wurin a 'yan kwanakin nan, ko an ajiye kwalin kusa da kananzir, fetur ko turaren sauro, warin ya kama shi. Feshi da abincin tarko ba sa haɗuwa a wuri ɗaya, tunda feshin yana kashe masu dakon da ake buƙata.

Na uku, sun samu abin da ya fi shi daɗi: ƙashin da aka jefar, kwanon kare, tukunyar da ta kwana ba a wanke ba. Na huɗu, buƙatarsu na sauyawa. Lokacin da tsutsa ta yi yawa a rami nama da maiƙo suke nema, wani lokacin kuma zaƙi. A ajiye ɗigon ruwan sukari da ɗigon man gyaɗa gefe da gefe, wanda suka fi taruwa a kai shi ne amsar.

Ba a samun waɗannan a garinmu. Akwai haɗin gida?

Akwai na garin borik asid, wanda ake samu a wasu kemis da shagunan sinadarai. Na zaƙi: giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya a shafe, da sukari giram 100, a narkar a rabin lita na ruwan ɗumi. A jiƙa auduga a sa a ƙaramar roba mai murfi da aka huda ta gefe. Na maiƙo: giram 1 a cikin giram 50 na tunkuza ko niƙaƙƙiyar gyaɗa, a cuɗa sosai.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne ƙara borik ɗin don ya fi ƙarfi. In ya yi yawa ko su ƙi ci, ko su mutu a hanya. A sabunta shi kowane kwana biyu zuwa uku kafin ya bushe, a jure makonni uku zuwa huɗu. Gaskiyar magana, wannan haɗi yana rage su a kicin, amma da wuya ya gama da garin da ya mamaye fuloti. A rubuta "guba" a jikin kwalbar, kuma kada a zuba shi a robar lemo ko ta ruwan sha.

Fiya-fiya fa? Kananzir, toka, tafasasshen ruwa, allin kyankyaso?

Fiya-fiya maganin gona ne mai tururi, haɗarinsa ga mai shaƙa ya fi haɗarin kiyashin nesa ba kusa ba, kuma waɗanda ke wajen rami kawai yake kashewa. Kada a kai shi kicin ko ɗakin kwana. Kananzir da baƙin mai suna kashe ƙasa da tsiro, ga haɗarin gobara. Toka da alli shinge ne na kwana ɗaya, za su zagaye, allin kuma yara na ɗaukarsa abin wasa. Tafasasshen ruwa yana aiki ne kawai in an ɗaga dutse ko bulo aka tarar da farin ƙwai da tsutsa a fili. A nan a kwara lita uku zuwa huɗu nan take, nesa da saiwar shuka.

Abin da ke da amfani a cikin ɗaki shi ne ruwan sabulu. Yana kashe waɗanda ya taɓa, yana kuma goge ƙamshin da suke shimfiɗawa a hanya don 'yan uwansu su bi. Amma kada a goge hanyar da ke kaiwa ga abincin tarko.

Ina da yara da kaji. Ba matsala?

Gubar da ke cikin tsakin kaɗan ce, ƙasa da kashi 1 cikin 100, amma tsakin masara ne, kaza ba za ta bar shi ba. A kulle kaji da tantabaru tun kafin a watsa har zuwa hantsin gobe. Inda yara ke rarrafe, a sa shi a cikin guntun bututun roba ko kwalba mai huda, a ɗora dutse. Mai tafkin kifi ya yi nesa da bakin ruwa, domin hydramethylnon da fipronil duka suna kashe kifi. Kada a watsa a kan kayan miya sai kwalin ya ce an yarda. In yaro ya ci, a tafi asibiti da kwalin a hannu.

Suna hawa lemo da gwaiba, ganyen ya yi baƙi yana danƙo. Su ke cinye bishiyar?

Kiwo suke yi a kanta. Duba bayan ganye da gindin 'ya'ya, za ka ga fararen ƙwari kamar ɓarɓashin auduga, ko wasu a manne kamar ɓawo, ko irin masu kawo darɓa a dawa. Waɗannan suna tsotsar ruwan bishiya su fitar da ruwa mai zaƙi. Kiyashi na shan zaƙin, yana korar ƙwarin da ke cin su, har rumfar ƙasa yake gina musu. Baƙin da ke kan ganye fumfuna ce da ta tsiro a kan danƙon. A gonakin abarba na Hawai an daɗe da gano cewa ciwon da ke sa abarba yaushi ba ya lafawa sai an fara maganin kiyashin da ke gadin ƙwarin.

A sare rassan da suka taɓa katanga, rufi ko ƙasa. A naɗa leda mai kauri ko salatif mai faɗin tafin hannu a jikin bishiyar, a shafa giris a kan ledar. Kada giris ya taɓa ɓawon, yana ƙona shi. Ƙura na rufe shi cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai a sabunta. Sannan a fesa wa ƙwarin ruwan sabulu, cokalin cin abinci ɗaya a lita, da yamma, a maimaita bayan mako guda.

Sun cika soket da akwatin wuta. Yaya zan yi?

A kashe wutar daga babban makunni tukuna. A buɗe, a share ƙasar da gawarwakin da busasshen buroshi, a duba ko robar waya ta ciwu. Kada a fesa komai mai ruwa a ciki. A toshe bakin bututun da wayar ta shigo ta ciki, abincin tarko kuma a ajiye shi a ƙasa kusa da wurin.

Me ya sa suka fi shigowa ɗaki a wasu lokutan?

Da damina ruwa ke cika musu rami, su hauro da 'ya'yansu zuwa cikin bango da ƙarƙashin tayil. Da rani ƙishirwa ke kawo su. Maganin na biyun shi ne a gyara famfon da ke ɗiga, a ɗora randa a kan mazauni, a bar gindin bango ya bushe, a rage ba lambu ruwa zuwa abin da shuka ke buƙata. Tarin bulo, itacen girki da busasshen ganye a janye su daga jikin gini. Tsagar daɓe da gefen bututu a cike da siminti, amma bayan magani ya gama aiki, in ba haka ba za su huda wata ƙofar.

Ba shi da wani amfani ko kaɗan?

Yana da shi. Mafarauci ne, yana cin ƙwai da tsutsar ƙwari da yawa. A Kyuba manoma suna ɗaukar gidansa da gangan su kai gonar dankalin Hausa don ya ci ƙwaron da ke huda dankalin. Matsalar ita ce ba ya zaɓe, inda ya yi ƙarfi sauran tururuwa da ƙananan halittu sukan ɓace.

Ɗan hakin da ka raina: a gandun Ol Pejeta na Kenya akwai wata bishiyar ƙaya, dangin bagaruwa, wadda wasu tururuwa ke zaune a cikinta suna cizon hancin giwar da ta zo ci. Kiyashi mai ƙaton kai ya kashe masu gadin, shi kuma ba ya gadi. Giwaye suka kakkarya bishiyoyin, daji ya buɗe, zaki ya rasa maɓoyar da yake kwanton jakin dawa. Binciken da mujallar Science ta buga a Janairun 2024 ya nuna cewa tsakanin 2003 da 2020 kason jakin dawa a abin da zakuna ke kashewa ya sauko daga 67 zuwa 42 cikin 100, na ɓauna kuma ya tashi daga sifili zuwa 42.

Ana iya rabuwa da shi gaba ɗaya?

Inda wurin ke da iyaka, an yi. An kawar da shi daga wuraren da ya kama a Kakadu, tsibirin Lord Howe na Ostireliya ma an ayyana ya rabu da shi a 2018. Abin da ya sa suka ci nasara shi ne sun bi mamayar har ƙarshenta suka sa magani a duk faɗinta, suka kuma yi shekaru suna komawa dubawa.

A cikin unguwa gidanka yanki ne na garinsu. In kai kaɗai ka sa magani, cikin wata biyu zuwa uku za su tsallako katanga su cike gurbin. A yi magana da maƙwabta na dama da hagu da na baya, a haɗa kuɗi a sayi magani, a watsa yamma ɗaya har da lungu da bakin kwata. In hakan bai samu ba, a riƙa zagaye gindin katanga da abincin tarko kowane wata uku, ɗaya daga ciki ya faɗo kafin ruwan farko. Duk dashen da aka sayo kuma, kafin ya shiga gida a nutsar da ledarsa ko tukunyarsa a bokitin ruwa mai ɗan sabulu na rabin awa, a ga abin da zai taso.